Ku Tambayi Masu Gyara: Sayar da Kayan Ƙarin Ƙarfin da Aka Ɗaura wa Mota

Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi: masu motocin da aka yi wa ƙari suna neman yadda za su rabu da kayan ba tare da sun tafka asara ba. Mun zaɓi shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2008 mai silinda shida. Na sa mata rim inci 19, da shokozoba mai zare da ta sauke ta ƙasa, da salansa mai ƙara, da buɗaɗɗiyar matatar iska, ga kayan sauti cike da but. Yanzu aure ya taso, zan sayar. Abin mamaki, dillalai sun taya ta ƙasa da irinta da ba a taɓa ba. In sallama haka, ko in kwance kayan? Daga wani mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri a auren. Malam, kwance kayanka. Dillalan nan ba zaluntarka suka yi ba, abin da kasuwa za ta ba su suka lissafa. Mai neman Accord a Kano yawanci magidanci ne ko ma'aikaci, motar kai yara makaranta da zuwa ofis yake so. Da ya ji rugugin salansa, ya ga mota ta kwanta ƙasa, abin da zai faɗo masa shi ne an yi wasa da ita, an wahalar da injin da giyabos. Ko da ba haka ba ne, ba ka da hanyar cire masa wannan zato. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, tambayar farko da ake yi wa mai silinda shida ita ce shan mai, salansa mai ƙara kuwa ƙara tsoratar da shi take yi. Sannan ga hanyoyinmu: motar da aka sauke tana gogar ƙasa a kan kowane tudun rage gudu, da damina kuma ba ta da kataɓus a unguwannin da ruwa ke kwanciya.

Saboda haka kayan da ka kashe wa kuɗi suna rage darajar motar muddin suna jikinta, amma da zarar sun sauko kowanne yana da nasa mai nema. Sharaɗi ɗaya ne: kana da na asalin da aka cire? In suna ajiye a gida, aikin kwana ɗaya ko biyu ne a gareji. In ka riga ka ba makanike ko ka sayar, sai ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka ji kuɗin 'yan Beljiyam: shokozoba huɗu da sifirin ɗinsu, rim huɗu na asali da taya, tukunyar salansa, da akwatin matatar iska. Haɗa da kuɗin aiki da na alaimen. In jimillar ta kai abin da kayan ƙarin za su kawo maka, wahalar banza ce, cire masu sauƙi kawai ka bar sauran. Masu sauƙin su ne kayan sauti, matatar iska da rim.

Wajen kwancewa, kada ka bar mota a hannun yaran gareji ka tafi. Tsaya a kanta. A fara cire kan batir na nagetif kafin a taɓa wayar amfilifaya, domin wayar wutarta kai tsaye daga batir take zuwa, in ta taɓa bodi sai tartsatsi. A zare wayoyin gaba ɗaya da fiyus ɗinsu, kada a datse su da filaya. Mai saye yana biyan kuɗi mai kyau in ya ga saiti cikakke. Ramin da wayar ta bi ta shiga cikin mota a toshe shi da roba, in ba haka ba ruwa da ƙura za su riƙa bi ta nan.

Salansa sai ta huce sarai. A fesa wa notocinta man kwance tsatsa tun ana gobe za a kwance ta, a sa sabon gasket wajen mayar da ta asali, tsohon ba ya sake riƙe iska. In walda aka yi mata maimakon noti, a yanka a kan miƙaƙƙen bututu, nesa da tukunya, yadda mai saye zai sami wurin haɗawa.

Shokozoba ita ce mai haɗari. Sifirin na asali a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi, kada a yarda a ɗaura shi sai da abin matse sifirin. Masu zaren kuma, kafin a sauko da su a auna tsayin zaren kowacce a rubuta, a wanke zaren da buroshi, a tabbatar zobban suna juyawa. In ƙasa da tsatsa suka kama zoben, ta zama shokozoba ta gama-gari kawai, rabin amfaninta ya tafi. Nemo ƙananan sifanu biyun nan masu ƙugiya da suka zo a kwalinta, ka haɗa da su. Bayan an mayar da na asali dole a yi alaimen, in ba haka ba sababbin tayoyinka za su cinye ta gefe ɗaya kafin ka sami mai saye.

Kowane noti da wasa a zuba a leda, a rubuta na wane ne. Ka ɗauki bidiyon salansa tana aiki da na sautin yana tashi tun suna jikin mota, domin bayan an kwance ba ka da wata shaida sai bakinka.

Tambaya: Na sayi saitin shokozoba na BC Racing a 2021, na yi shekara biyu ina hawa. Nawa ya kamata in sa musu? Rasit ɗin yana hannuna. Daga wani mai karatu a Rijiyar Zaki.

Amsa: Adana rasit ɗin don ya shaida cewa kayan na gaske ne, amma kada ka yi lissafi da kuɗin da ke jikinsa. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya sauya. Duba nawa sabon saitin yake yau a dala, ka ƙara kuɗin jigila da na kwastan, ka juya zuwa naira. Wannan shi ne abin da mai saye yake gudu, kuma daga nan za ka fara. Shawararmu, saitin da ba ya yoyo kuma zobbansa na juyawa, ka buɗe baki da kamar kashi 60 cikin ɗari na sabon, ka shirya sallamawa a wajen rabi. In ɗaya tana jiƙe da mai a jikin sandarta, sauko sosai, domin gyaranta ba kowane gareji ke yi ba.

Ka kuma san cewa shokozoba ta mota ɗaya ce tak. Ta Accord 2008 ba za ta hau ta 2005 ba. Masu nemanta a Kano ba su da yawa, don haka ka sa lambar da ke jikin kwalin a tallar, ka yi haƙuri, wataƙila daga Abuja ko Legas kiran zai zo.

Tambaya: Na sayar wa wani abokin yayana rim huɗu da na cire daga Camry, zai sa wa Honda. Duka noti biyar ne, mun ma gwada tazarar ramukan ta yi daidai. Washegari ya dawo da su wai sun ƙi zama. Ni ina ganin ya fasa ne kawai yake neman dalili. Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Ɗan'uwa, mayar masa da kuɗinsa, gaskiya ya faɗa. Camry da Accord duk suna da noti biyar a kan da'irar milimita 114.3, shi ya sa ramukan suka yi daidai. Amma babban ramin tsakiya, wanda ke zama a kan hob, ya bambanta: na Toyota milimita 60.1 ne, na Honda 64.1. Rim ɗin asali na Camry ba zai shige hob ɗin Honda ba, zai tsaya a baki yana lilo. Da an tilasta shi da noti, da abin ya fi haka muni a kan titi. Akasin haka yana yiwuwa: na Honda zai hau Camry, amma sai an sa zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa in an ɗauki gudu.

Irin wannan ne tsakanin Mercedes da Golf 5. Duka biyar ne a kan 112, amma ramin Mercedes 66.6 ne, na Golf 57.1. BMW irin su E46 da E90 biyar ne a kan 120, ramin 72.6. Peugeot 406 huɗu ne a kan 108. Golf 3 ta gama-gari huɗu a kan 100.

Kafin ka sake tallata su, kifa rim ɗaya, ka goge bayan ƙafafunsa da tsumma mai ɗan fetur. Za ka ga rubutu a zane cikin ƙarfen, misali 17x7J da ET45. Lambar farko faɗin da'ira ce a inci, ta biyu faɗin bakin da taya ke zama, ET kuma yana nuna yadda rim ɗin zai shige ciki ko ya fito waje. In ET ya yi ƙanƙanta taya za ta leƙo ta riƙa gogar fenda, in ya yi yawa ta goga shokozoba ko rim ɗin ya taɓa birki. Ɗauki hoton wannan rubutu ka sa a tallar tare da adadin noti da girman ramin tsakiya, ka huta da jayayya.

Noti ma ba ɗaya ba ne. Rim ɗin asali na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen wasa, na Honda mai zagayayyen gindi, yawancin na kasuwa kuma mai gindi kamar mazurari. Sayar da rim da notocinsa. Ka kuma kai su wurin mai balansin a juya kowanne a kan na'ura a gaban mai saye. Lanƙwasar da ido bai gani ba, can take fitowa. In da taya a jiki, karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya mai shekara shida ko bakwai a zafin Kano, ko zanenta bai cinye ba, kada ka ɗora mata kuɗi.

Tambaya: Golf 5 GTI gare ni. An cire mata turbo na asali aka sa babban turbo na K04, da manyan nozul, da babbar intakula mai sanyaya iskar turbo, aka kuma yi wa birenbos, wato kwamfutar motar, sabon shiri. Ina so in mayar da ita yadda take in sayar da kayan. Me zan fara cirewa, kuma yaya zan gamsar da mai saye cewa turbo ɗin lafiya lau yake? Daga wani mai karatu a Nasarawa GRA.

Amsa: Alhaji, a nan ba a cewa wannan yau, wancan gobe. Turbo, nozul da shirin birenbos abu ɗaya ne, tare suke sauka. In ka mayar da ƙananan nozul ka bar shirin K04, birenbos zai riƙa buɗe su na ɗan lokacin da ya dace da manya, mai ya yi wa injin kaɗan, wuta ta yi zafi, fistin ya iya narkewa. In ka mayar da shirin asali ka bar manyan nozul, mai ya yi yawa, ta riƙa baƙin hayaƙi, fulogi su mutu, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Don haka a mayar da ƙarafan duka, a mayar da shirin asali, sannan a tayar da mota. Lokacin da ake rubuta shirin a jona batir da caja, domin in wuta ta faɗi a tsakiyar aiki birenbos na iya mutuwa. Nemi wanda ya yi maka aikin tun farko, shi ya kamata ya adana fayil ɗin asali.

Shi kansa shirin ba abin sayarwa ba ne, da motar aka ɗaure shi. Kada kuma ka ciro birenbos ka ce za ka sayar daban, yana haɗe da makullin motar, a wata motar ba zai tayar ba sai an yi masa wani aikin. Masu na'urar hannu ta sauya shirin birenbos irin Cobb Accessport ko Hondata FlashPro su kula: tana kulle kanta da motar da aka sa mata, sai an mayar da motar shirin asali an kwance ta kafin ta yi wa wani amfani. Wanda ya sayar da mota bai yi haka ba, ya bar wa kansa abin da babu mai saye. Akwatin da ake jonawa ta waya, irin JB4 na BMW, shi cire shi kawai ake yi da wayoyinsa.

Tunda ka buɗe wajen, duba ɗan kofin ƙarfen da ke tsakanin famfon mai da kamshaf. Wannan injin an san shi da cin kofin nan, ƙarin ƙarfi kuma yana hanzarta cinsa. Ba shi da tsada, in ya huje kuwa kamshaf zai ci.

Gwajin turbo a gaban mai saye ake yi. Cire bututun shigar iska, za ka ga farfela. Kama notin tsakiyarta da babban yatsa da manuni. Motsa ta sama da ƙasa: ɗan motsi kaɗan ba laifi, domin sandar a kan mai take yawo, yanzu kuma babu mai. Amma kada fukafukan su taɓa bango. Sai ka ja ta gaba ka tura baya: nan bai kamata ka ji komai ba, in ta yi ƙwas-ƙwas, beyarin ya tafi. Juya ta da yatsa, ta juya sumul ba tare da kartar komai ba. Haska tocila a bakin fukafukan. In sun yi kamar an goga musu sanfefa, ƙurar hunturu ce ta wuce matata ta cinye su, abin da ya zama ruwan dare ga masu buɗaɗɗiyar matatar iska a garin nan. Juya ta ɓangaren hayaƙi ka nemi tsaga a jikin ƙarfen da jiƙaƙƙen mai. Ɗan danshin mai a bututun intakula ba abin tsoro ba ne, amma in ka karkata ta mai ya zubo kamar daga kofi, faɗa wa mai saye.

Da an sauko da shi, ɗiga baƙin mai mai tsabta a ramin shigar mai, ka juya farfelar, ka toshe duk ramukan da leda da salatif. Tsakuwa ɗaya ko ɗan wasa da ya faɗa ciki ya isa ya kashe shi a tayarwar farko. Nozul kuma a sa kowanne a ledarsa da murfin bakinsa, a gaya wa mai saye ya sa sababbin sil.

Tambaya: Lokacin da aka sa mini miƙaƙƙen bututu an ciro indomin motar, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, tana nan a gida. Masu saye suna ta damuna. In sayar musu? Daga wani mai karatu a Ɗorayi.

Amsa: In kana da niyyar sayar da motar, mayar mata da abarta. Suna bin ka ne saboda ƙarafa masu tsada da ke jikin saƙar cikinta, wato filatinam, faladiyam da rodiyam. Motar da babu indomi tana warin hayaƙi, tana kunna fitilar cek, in aka sa mata kwamfuta ta nuna lambar matsala P0420, kuma duk mai sayen da ya zo da makanikensa zai leƙa ƙasa. Abin da za a zabtare maka a kuɗin mota zai iya fin abin da za su ba ka, sayen wata ta asali kuma ya fi duka tsada.

Tambaya: Ƙanina ya tafi karatu waje ya bar mini kaya a sito: rim huɗu, sitiyarin tsere, wata tukunyar salansa, da fitilu. Ya ce in sayar in tura masa kuɗin. Ya faɗa mini ɗaya daga cikin rim ɗin an taɓa yi masa walda, amma an yi fenti ba ya nunawa. Ban san kan abin ba, kuma ina tsoron a cuce ni. Daga wata mai karatu a Tarauni.

Amsa: Hajiya, fara da rim ɗin nan. Dole a faɗa, kuma a nuna wurin da yatsa. Ɓoye aibin kaya algus ne, mai saye yana da haƙƙin dawo da shi in ya gano, wannan kuma aibi ne da ke iya ɗaukar rai: waldar alminiyam da ba ta kamu ba tana sake tsagewa in ta daki rami, iska ta fice lokaci ɗaya. In tsagar a bakin ciki take, wani zai karɓa da rangwame ya ajiye shi a safaya. In a ƙafar rim take ko kusa da ramukan noti, kada ki sayar wa mai hawa ko da ya yarda, ba 'yan gwangwan su auna a kilo, ki sayar da ukun.

Sitiyarin tsere ba shi da jakar iska, ki faɗi haka a fili. Ki tambayi ƙaninki ko akwai gindin da ake ɗaura shi a kai, domin gindin na mota ɗaya ne, kuma ba tare da shi ba sitiyarin ado ne kawai.

Ki ce ya rubuto miki sunan kowane kaya, da motar da aka cire shi da shekararta, da hoton rasit in akwai. Wannan yana kare ki ta fuska biyu: farashi, da zargin kayan sata, wanda ba a raina shi a harkar fitilu da rim. A wanke kayan, a ɗauki hoto da rana a kan tabarma, gaba da baya da wurin da aka ƙuje.

Wajen sayarwa, 'yan Ƙofar Ruwa za su biya nan take amma da arha, tunda su ma riba za su nema, kuma kayan asali sun fi tafiya a wurinsu. Kuɗi mai kyau yana hannun masu sha'awar irin motar, ana samunsu a Jiji, Facebook, Instagram da zaurukan WhatsApp na masu motoci. In za ki sa dillali, a yanke la'adarsa tun kafin ya ɗauki kaya, kuma ki yi magana da mai saye da kanki ko ta bakin wani naki don ki ji ainihin kuɗin da aka sallama.

Kada a kawo baƙo gida. A kai kayan garejin makaniken da kuka saba da shi, maigida ko wani ɗan'uwa namiji ya tsaya, a gwada a jikin motar mai saye a wurin. Kada kaya su bar hannu don an nuna miki saƙon kuɗi a waya ko hoton rasit ɗin tura kuɗi. Buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna. Na nesa, in Kaduna ne ko Abuja, ya biya duka da kuɗin mota tukuna, sannan a kai tashar Unguwa Uku a ba direba, a karɓi lambarsa da ta motar a tura wa mai saye. A sa kwali tsakanin rim da rim, a naɗe fitilu da tsohon bargo. A rubuta 'yar takarda kwafi biyu mai ɗauke da sunan kaya, kuɗinsu, aibin da aka faɗa, da kwanakin da aka yarda a dawo da su in ba su hau ba, kwana biyu ko uku sun isa, kowa ya sa hannu da shaida ɗaya.